Adabin Tafiye-tafiye da Ziyarar Zumunci: Misalin Bagudo

Masu nazarin adabin tafiye-tafiye na Hausa galibi sukan fara da Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam (1944), wanda ya ba da labarin zuwansa Ingila a 1943. Tun daga nan marubutanmu suka ɗauka cewa sai an ƙetare teku tafiya take cancantar rubutu. A ganinmu wannan ya jawo wa adabin naƙasu, domin an bar ziyarar zumunci a fatar baki kawai.

Alal misali, malamin da ya tashi daga Birnin Kebbi lokacin hutun damina don gaida abokai a Bagudo, ya haye Kwara zuwa Illo, zai ji Hausa tana cuɗanya da Dandanci da Fulatanci a kasuwa guda. A Lolo kuwa zai tarar da dangin da yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba, watau wasu a Nijeriya, wasu a Jamhuriyar Benin. Ya kamata sassan koyar da Hausa su sa ɗalibai su rubuta irin wannan tafiya, tun dattawan da suka san tarihin hanyar suna raye.