Makaho a Ƙofar Buɗaɗɗiyar Jami'a: Tsokaci Daga Sakkwato

A 1983 Shugaba Shehu Shagari ya kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wadda a yau take da cibiya a Sakkwato. Dokar naƙasassu ta 2019 kuwa ta ɗibar wa gine-ginen jama'a wa'adin shekara 5 su sauƙaƙa hanyar shiga. A ganinmu gurgu ne wannan tanadi ya fi yi wa rana. Ɗalibin wannan jami'a ta kwamfuta yake ɗauko littattafansa, kuma muddin shafi hoton rubutu ne kurum, manhajar da ke karanta wa makaho da murya ba ta iya furta shi. Saboda haka muke ganin wajibi ne makaho ya fara gwada kowane littafi da kunnensa kafin a ɗora shi a intanet.