Tsuntsayen laka da littafin Faransanci da ke hannun ɗalibanmu

'Yan'uwa, akwai wani littafi da wasu ɗalibanmu masu karatun boko suka fara yawo da hotunan shafukansa a waya, kuma tambayoyi sun yi yawa a kansa bayan sallar Magariba. Sunansa Écrits apocryphes chrétiens. Juzu'in farko ya fito a Faris a 1997, ƙarƙashin kulawar François Bovon da Pierre Geoltrain. Tarin rubuce-rubucen Kiristocin farko ne waɗanda coci ba ta sa su cikin Littafi Mai Tsarki ba, an fassara su da Faransanci, kowanne da gabatarwa da bayanin kwafe-kwafensa. Mun karanta ɓangaren da ya shafi haihuwar Nana Maryamu da ƙuruciyar Annabi Isa (AS), a kansa kawai za mu yi magana.

Abin da ya tayar wa yaran nan hankali sananne ne. A cikin littafin ƙuruciyar Isa, wanda aka fi sani da Linjilar Toma, ana ba da labarin yaro ɗan shekara 5 da ya ƙera tsuntsaye 12 da laka ranar Asabar, ya tafa hannu suka tashi. Masana sun ɗora asalin littafin a ƙarni na 2 miladiyya. Alƙur'ani kuwa ya ambaci tsuntsun laka a Ali Imrana aya ta 49 da Ma'ida aya ta 110. A wani littafin da ake jinginawa ga Yaƙubu, Maryamu tana zaune a ɗakin ibada tana karɓar abinci daga hannun mala'ika, sannan a yi ƙuri'a kan wanda zai riƙe ta; ku duba Ali Imrana 37 da 44. To, sai ɗalibi ya ga haka, wani kuma ya turo masa bidiyo yana cewa an kama inda aka kwafo. Maganar nan tsohuwa ce: wani ɗan mishan mai suna Tisdall ya cika littafi da ita tun 1905.

Mu faɗi gaskiya, masu wannan tarin sun yi aikin malamta. Sun bi kwafe-kwafe na Girkanci da Suryaniyanci da Latin da Habashanci, sun nuna wanne ya girmi wanne, da inda mai kwafa ya ƙara nasa. Har sunan Toma ma sun cire daga kan littafin, saboda tsofaffin kwafe ba su ɗauke da shi. Wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya ga yadda ake gwada riwaya da riwaya zai gane wannan aiki, ko da yake su ba su da isnadi, takarda kawai suke yi wa tambaya. Kuma binciken bai tsaya ba. A 2024 an sanar cewa wani guntun takarda da ke ajiye a ɗakin karatu na Hamburg a Jamus, na ƙarni na 4 ko na 5, yana ɗauke da wannan labari na tsuntsaye da Girkanci. Saboda haka duk wanda ya hau mumbari ya ce Nasara sun ƙirƙiro labarin ne bayan saukar Alƙur'ani, ya faɗi abin da takarda za ta ƙaryata shi a gaban ɗalibansa. Ba ma buƙatar wannan. Alƙur'ani bai ce shi ne farkon wanda ya ba da labarin Isa ba. Ya zo yana gaskata abin da ya gabace shi, yana kuma hukunci a kansa.

Inda muke da ja shi ne tsallen da wasu ke yi daga kamanni zuwa kwafe. Ai kamanni yana nuna cewa labari yana yawo a bakin mutane, bai nuna wanda ya karɓa daga wa ba, balle ya nuna abin ya faru ko bai faru ba. Masanin tarihi ba shi da ma'aunin mu'ujiza, su kansu masu adalcinsu sun yarda da haka. Sannan a duba kwanan wata da kyau. Labarin bishiyar dabino da ta sunkuyo wa Maryamu, ruwa ya ɓuɓɓugo daga gindinta, yana cikin littafin Latin da aka jingina wa Matiyu, wanda da yawa ke ɗorawa a wajen ƙarni na 7, kuma a can abin ya faru ne a hanyar gudu zuwa Masar, alhali a Suratu Maryam lokacin naƙuda ne. Maganar jariri a shimfiɗa kuwa tana cikin Linjilar ƙuruciya ta Larabci, wadda kwafenta da ake da su duk sun zo bayan Musulunci da ƙarnoni. Wa zai rantse wanne ya shiga cikin wanne?

Mai karatu kuma ya lura da abin da Alƙur'ani bai ɗauka ba. Yaron da ke cikin littafin Toma mai fushi ne: ya la'anci wani yaro ya bushe, wani ya bangaje shi ya faɗi matacce, iyaye suka zo wa Yusufu da ƙara. Babu ko ɗaya daga wannan a Alƙur'ani. Tsuntsun da aka ambata kuma an ɗaure shi da izinin Allah a ayoyin biyu, ta yadda abin da marubucin farko ya kawo don nuna allahntaka ya koma hujjar annabci. Wannan bambanci shi ne asalin zancen, masu bidiyo kuwa ba sa tsayawa a kansa.

Amma akwai inda littafin nan ya taɓa mu, kuma ya kamata mu ji. A cikin littafin Toma, malami ya ce wa yaro ya faɗi alfa, yaron ya ce sai malam ya fara gaya masa ma'anar harafin. Wani malamin coci, Ireniyos na Liyon, ya ambaci wannan labari wajen shekara ta 180, ya kira shi ƙage. To, kun tuna ƙissar da ake yi mana a tafsirin azumi, cewa an kai Annabi Isa makarantar allo, malam ya ce ya rubuta bisimilla, shi kuma ya fassara wa malam harafi-harafi? Ɗabari ya kawo ta a tafsirin basmala a matsayin hadisi. Ibnu Kasir ya ce baƙuwa ce ƙwarai, ta fi kama da Isra'iliyyat, Ibnul Jauzi kuma ya sa ta cikin ƙagaggun hadisai. Malamanmu sun yi zarginta ta hanyar isnadi, yanzu ga tsohuwar takarda ta nuna gidan da ta fito. Littafin ƙissoshin annabawa na Sa'alabi cike yake da irin waɗannan, kuma mu masu wa'azi mun fi son su saboda suna sa jama'a kabbara. Ƙa'idar da Ibnu Taimiyya da Ibnu Kasir suka shimfiɗa tana nan: abin da wahayi ya gaskata a karɓa, abin da ya ƙaryata a bari, abin da ya yi shiru a kansa kada a gaskata, kada a ƙaryata, kada kuma a gina addini a kansa. Jingina shi ga Manzon Allah (SAW) kuwa wani laifi ne daban.

Wani abu kuma, tunda muna zaune gari ɗaya da Kiristoci. Idan ɗalibinmu ya je Moursal ko Chagoua ya ce wa abokin karatunsa ai a littafinku Isa ya yi tsuntsu da laka, abokin zai ce babu, kuma gaskiya ya faɗa. Labarin ba ya cikin Linjila huɗu da suke karantawa a coci. A Linjilar Yohanna ma, alamar farko ita ce ta bikin aure a Kana. Yawancinsu ba su taɓa ganin waɗannan littattafai ba. Kada a mayar da su makamin tsokana a kasuwa ko a cikin motar haya.

Shawararmu ga masu Faransanci: ku karanta gabatarwar kowane littafi kafin labarinsa, domin a nan kwanan wata yake, kuma Tafsirin Ibnu Kasir ya kasance a buɗe a gefenku. Ƙananan ɗalibai da ba su wuce Ahalari da Ishmawi ba, su dakata tukuna. Wanda aka turo masa shafi ɗaya a waya, ya kawo mana shi aji mu duba tare, mu ga daga wane littafi aka yanko shi, na wane ƙarni ne.