Abdussalami na Gimbana a Hannun Marubuta Tarihi

Duk ma'aikacin da aka tura Jega, ko Aliero, ko Maiyama, ba zai daɗe ba zai ji ana ambaton Gimbanawa. Bayan wannan suna akwai labarin wani malami guda, Abdussalami, wanda littattafan tarihi ba su ba da labarinsa da murya ɗaya ba. Mun zaɓe shi ya zama ma'auninmu, domin yadda littafi ya ɗauki Abdussalami shi ke nuna yadda ya fahimci ƙabila da yaƙi a ƙasar nan.

Abin da ya faru

Abdussalami Ba'are ne, ba Bafulatani ba, kuma yana cikin almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na farko. Da zama ya yi wuya a Gobir, sai ya ƙaura da jama'arsa zuwa Gimbana a ƙasar Kabi. A ƙarshen 1803 rundunar Yunfa, Sarkin Gobir, ta auka wa garin ta kwashi mutane. Da aka biyo da su kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ya kai ga hijira zuwa Gudu a Fabrairu 1804, daga nan yaƙi ya ɓarke.

Bayan rasuwar Shehu a 1817, Abdussalami, wanda a lokacin yake zaune a Kware, ya yi wa Muhammadu Bello tawaye. Aka ci Kware, ya fita da rauni, ya rasu a Bakura a farkon 1818. Ɗansa Buhari ne daga baya ya yi sulhu da Gwandu ya kafa Jega a bakin Gulbin Zamfara. Wato mutumin da aka fara yaƙin saboda jama'arsa, a ƙarshe takobin 'yan'uwansa ne ya same shi.

Littafin wanda ya yi nasara

Tushen labarin shi ne Sard al-Kalam na Muhammadu Bello, wanda aka sa fassararsa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. Dole mu yaba wa Bello abu ɗaya: bai shafe muryar abokin gabarsa ba. Ya kawo wasiƙun Abdussalami, inda yake kukan zalunci da yadda aka raba ƙasa aka bar shi da ɗan kaɗan. Sa'an nan ya amsa da hujjojin shari'a, yana zarginsa da haɗa kai da maƙiyan jama'a. Amma kada mu manta, mai ƙara shi ne alƙali, shi ne kuma magatakarda. Abin da muka sani na maganar Abdussalami, ta alƙalamin wanda ya yaƙe shi ya iso gare mu.

Saboda haka yana da kyau a karanta shi tare da Tazyin al-Waraqat na Abdullahi na Gwandu. Abdullahi ma ya ga son duniya ya shiga jama'a, har ya bar su wajen 1807 da niyyar tafiya Makka, ya tsaya a Kano, daga baya ya komo. Idan ƙanen Shehu ya yi irin wannan kuka, ba za a ce kukan Abdussalami ƙyashin ƙabila ne kawai ba.

Gilashin Turawan mulki

Littafin matar Lugga, A Tropical Dependency na 1905, ya jera mutanen Afirka hawa-hawa bisa launin fata, ya ɗora masu hasken fata a sama a matsayin waɗanda aka halitta don sarauta. Wannan ra'ayi ya yi wa mulkin mallaka daɗi: idan Fulani sun ci Haɓe da yaƙi, Turawa kuma sun ci Fulani a 1903, to gadon ya zama nasu. A irin wannan lissafi Abdussalami ba shi da mazauni, gama malami Ba'are a sahun gaba na jihadi yana ɓata jerin.

H. A. S. Johnston, tsohon Razdan, ya fitar da The Fulani Empire of Sokoto a 1967. Littafi ne mai daɗin karatu, ya san ƙasar, ya kuma ba yaƙe-yaƙen Kabi da Gwandu fili: cin Birnin Kabi da gumurzun Alwasa a 1805, da tashin Yaƙubu Nabame a 1849 wanda ya tabbatar da 'yancin Argungu. Rauninsa yana cikin sunansa. Tun daga bango an riga an gaya wa mai karatu cewa labarin ƙabila ɗaya ne ta hau kan wata.

A shekarar nan ce Murray Last ya fitar da The Sokoto Caliphate, bayan ya yi bincike cikin takardun Larabci na gidan Waziri Junaidu. Ya dubi daular kamar yadda masu ita suka dube ta, wato jama'ar addini mai shari'a da tsari, ya kuma nuna cewa zaman dangi da zuriya ya yi tasiri wajen rabon muƙamai. Wannan ci gaba ne babba. Sai dai tagar da ya leƙa ta cikinta tagar fadar Sakkwato ce. Manomin Maiyama da mai ɗorin Aliero da 'yar kasuwar Jega ba su bar takardu a ɗakin Waziri ba.

Hukuncinmu

A ganinmu littafin Last ya fi sauran ƙarfin hujja, na Bello ya fi kusa da abin da ya faru, na Johnston ya fi sauƙi ga mai farawa, na matar Lugga kuwa a karanta shi don a gane cutar, ba don neman magani ba. Babu ɗaya da ya isa shi kaɗai. Mu da muka saba lura cewa Littafin Tarihi na Biyu ya ambaci tuban Manassa, na Sarakuna kuwa bai ambata ba, bai kamata mu yi mamaki ba idan marubuci ya zaɓi abin da zai faɗa.

Wannan ba zancen aji kaɗai ba ne. Yau gardamar Hausa da Fulani ta cika wayoyin matasa, kowa yana yanko guntun tarihi yana wasa shi kamar wuƙa. Shugaban da ya maimaita irin wannan guntu a gaban jama'a, ko da ba da mugun nufi ba, ya zuba wa wuta mai. Tarihin Jega ya ƙi yarda da saukin labari: ɗan wanda aka yaƙa ya zama mai gari a ƙarƙashin Gwandu, garinsa kuma ya zama kasuwar da kowace ƙabila ke ci.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wa ya rubuta tarihin garin da kake aiki, muryar wa kuma aka bari a waje?
2. Yaya za ka amsa wa matashin da ya ce maka yaƙin 1804 na ƙabila ne tsantsa?