Zambo Ya Koma Talla: Nazari A Kan Zanen KAWS

Manufar wannan takarda ita ce duba aikin wani mai zane ɗan Amurka, Brian Donnelly, wanda aka fi sani da KAWS, don a ga abin da kan sami zambo idan wanda ake yi wa shi ya zama ubangidan mai yinsa.

An haife shi a Jersey City a 1974, ya kuma fara da rubuta sunansa a bangaye da jikin jiragen ƙasa. Cikin shekarun 1990 sai ya shiga buɗe akwatunan talla da ke tashoshin bas da ɗakunan tarho na birnin Niyu Yok. Yakan zare takardar tallar, ya tafi da ita gida, ya zana ƙoƙon kai mai idanu kamar harafin X a kanta, sa'an nan ya mayar da ita inda take. Watau ya haɗa hanyoyi biyu: zanen titi, wanda ba ya neman izni, da salon nan da ake kira Pop, mai ɗauko hotunan kayan kanti ya mai da su zane, kamar yadda Andy Warhol ya yi da gwangwanayen miyar Campbell's a 1962. Armashin wannan wasa yana ga wurin da aka yi shi. Mai jiran bas ya zo ganin kyakkyawar fuska, sai ya ci karo da mutuwa tana yi masa gwalo.

A 1999 ya fito da ɗan tsanansa mai suna Companion a Japan. Jiki da safar hannu da wando duk irin na Mickey Mouse ne, amma kan ƙoƙo ne. A ganina nan ne gwanintarsa ta fi fitowa, musamman a siffar da ɗan tsanan yake zaune ya rufe fuska da hannuwa biyu. An ɗauki alamar murnar yara, an sa mata kunya da gajiya irin na manya, ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba.

Sai dai kuma shekarar 2019 ta nuna inda aka kwana. A shekarar ne aka shimfiɗa Companion mai tsawon mita 37 a kan ruwan tashar Hong Kong. Aka sayar da zanensa, The KAWS Album, sama da dala miliyan 14 a gwanjon Sotheby's. Aka kuma yi turereniya a kantunan Uniqlo na ƙasar Sin wajen sayen rigunansa. Harafin X da dā yake ɓata tambarin kamfani, shi kansa ya zama tambari. Hausawa na cewa wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wani zai ce ai Warhol ma kasuwa ya ci, kuma riga mai araha takan kai zane hannun wanda ba zai taɓa shiga gidan nune-nune ba. Wannan gaskiya ne. Amma Warhol daga aikin talla ya fito, bai fara da ɓalle akwatin kowa ba. A taƙaice, aikin KAWS bai rasa kyau ba, cizo ya rasa. Ya kamata mu malamai mu riƙa nuna wa ɗalibai tallace-tallacen farko tare da rigunan baya, su gwada su da kansu.