Hanya da Faifai: Tsokaci a kan Kiɗan Tal National

Manazarta waƙar baka sun daɗe da raba makaɗa gida-gida, na fada da na jama'a da na sana'a, kuma littafin Sa'idu Muhammad Gusau, Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993), ya ba mu ma'aunin da muke auna su da shi. Amma akwai wani makaɗi da wannan rabo bai ba shi gurbi ba, wato mai kiɗan jita na birni, wanda ba shi da sarki ko ubangida, abincinsa yana ga yawan wuraren da ya samu ya yi wasa. A wannan maƙala za mu dubi irin wannan makaɗi ta hanyar ƙungiyar Tal National ta Yamai da faya-fayanta uku da kamfanin FatCat na Ingila ya fitar: Kaani (2013), Zoy Zoy (2015) da Tantabara (2018).

Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa ƙungiyar a 2000, yana kiɗan jita yana kuma aikin shari'a. A shekarun da Kaani ya fito, an san su da yin wasa dare biyar a mako, kowane dare kimanin awa biyar. Idan gayyata biyu suka haɗu a dare guda, sai su rabu biyu, kowane ɓangare ya tafi da sunan Tal National. Faya-fayansu kuwa a bakin hanya da shataletale suke sayar da su, saboda babu wani tsarin rarraba su a ƙasar.

Mai karatun da ya taɓa bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta ratsa Doso, Dogon Dutsi, Ƙwanni da Maraɗi zuwa Damagaram, kusan kilomita 900, ya san abin da ake nufi da kai kayan kiɗa wani gari. Ga lasifika da ganguna a saman mota, ga shingen jandarma, ga ƙurar da ke cin kayan wuta, sannan a sauka a kafa kaya a yi wasa kamar ba a yi tafiya ba. Ra'ayinmu shi ne wannan wahala ba labari ne na gefe ba; a cikin salon kiɗan take zaune.

Hujja ta farko ginin kiɗan ne. Jita tana ɗaukar gajeren kari tana maimaita shi, wata jitar ta saƙa nata a cikinsa, ganguna da kalangu su riƙe gudu. Kari irin wannan yana miƙewa ko ya taƙaita gwargwadon yadda masu rawa suka karɓe shi, kuma, abin da ya fi muhimmanci, wani makaɗin yana iya karɓar kayan daga hannun ɗan'uwansa ba tare da kiɗan ya yanke ba. Ƙungiyar da za ta yi awa biyar, ko ta rabu biyu, ba ta da halin ta ɗora waƙa a kan gwanintar mutum guda. Wasu masu sharhi na Turai da Amurka sun ji saurin da sarƙaƙiyar sai suka kwatanta su da kiɗan rok na can. Ba mu ce kunnensu ya yi ƙarya ba, sai dai sun ji sakamako ne suka bar dalili.

Haka batun harshe. An yi ta yabon ƙungiyar da cewa ta haɗa Hausa da Zabarmawa da Fulani da Abzinawa, alamar haɗin kan ƙasa ke nan. Gaskiya ne, amma akwai lissafin ciki a nan. Wanda zai yi biki yau a unguwar Zabarmawa, jibi a Maraɗi, dole jakarsa ta ƙunshi abin da kowa zai ji nasa ne. Sunayen waƙoƙin ma sun nuna haka: «Sarkin Fada» da «Wongharey» da «Nouvelles» duk a faifai guda suke.

A nan ne kuma muke da ƙorafi a kan faya-fayan. Jamie Carter, wanda ya zo daga Shikago ya ɗauki kiɗan a Yamai, ya kama zafinsa, musamman a Kaani, inda ake jin kowace jita daban. To amma abin da aka gina domin dare guda an yanka shi ƴan mintoci, aka cire masu rawa, aka cire kirari da ambaton sunayen masu liƙi, alhali su ne ke juya akalar wasan. Da aka cire su sai raunin ya fito fili: a wurare da dama murya ta zama ɗaya daga cikin kayan kiɗa, magana ba ta ɗauki nauyin da muka saba ji a bakin Ɗan Gurmu ko Shata ba. Wanda ya zo da ma'aunin jigo da warwararsa zai koma da kaɗan. A Tantabara gudun ya ƙaru har wani lokaci yana danne amshi, kuma a ganinmu Kaani ya fi shi daidaito.

Akwai sauran magana da ta fi salo nauyi. Tsarin da ya sa kowa yake iya maye gurbin kowa shi ne ya raya ƙungiyar, shi ne kuma yake shafe sunan makaɗi. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu, domin kaɗan ne daga cikinmu za su iya lissafa makaɗan kalangun da suka bi Shata gari-gari shekara da shekaru. Bambancin shi ne a yanzu akwai faifai, akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa ta BNDA, akwai kuɗin da ke biyo waƙa bayan an gama wasa. Idan kari ya samu siffarsa a hannun mutum goma cikin darare ɗari, sunan wa za a rubuta? Ɗalibin da zai yi bincike a kan wannan, mota ya kamata ya shiga tare da makaɗan, ya ga yadda ake raba kuɗin liƙi da asuba.