Shin Daji Matacciyar Ƙasa Ce? Sharhi Kan Fahimtar Babin Ihya'ul Mawat a Yankin Kafur

Daga cikin babobin fiƙihu da ɗalibai ke wucewa da sauri har da babin raya matacciyar ƙasa, wato Ihya'ul Mawat. Abin da ya rage a bakin jama'a daga gare shi magana ɗaya ce: wanda ya sare daji ya noma, filin ya zama nasa. A yankin noma na Kafur, Malumfashi da Funtuwa, inda masara da dawa da auduga ke neman fili kowace shekara, wannan fahimta na kai gatari har bakin rafi. Ya dace a auna ta da ma'aunin littattafan da aka ɗauko ta.

Gaskiya ne cewa Shaihu Khalil, a Mukhtasar, ya lissafa sare itatuwa cikin hanyoyin raya ƙasa, tare da haƙo ruwa, gini, dashe da huɗa. Amma a wannan babin dai ya kafa iyakoki uku. Na farko, gari yana da hurumi, wanda ya haɗa da makiyaya da wurin yin itace, kuma ba a mallake shi da sara. Na biyu, ƙasar da ke kusa da gari ba a raya ta sai da izinin shugaba. Na uku, shugaba na iya keɓe wani yanki ya zama hima saboda buƙatar Musulmi. Shaihu Abdullahi bn Fodiyo ya ware wa wannan mas'ala littafi guda, Ta'alimur Radi, alamar cewa malaman Daular Usmaniyya ba su ɗauke ta da wasa ba. Wanda ya riƙe izinin sara ya saki waɗannan sharuɗɗa, rabin babin ya karanta.

Sannan akwai tambayar ma'anar mutuwa kanta. Matacciyar ƙasa ita ce wadda babu mai ita, kuma amfanin jama'a bai rataya da ita ba. Kogin Sakkwato yana tasowa ne kusa da Funtuwa, ya bi ta Gusau, ya cika madatsar Bakolori, ya haɗu da Rima kafin ya faɗa Kwara. Saiwoyin kanya da marke da maɗaci da ke gefen ƙoramu su ke riƙe gaɓa, su rage gudun ruwan sama har ya nutse cikin ƙasa. Idan aka sare su, zaizaya ta kwashe ƙasar gona, yashi ya cike kwari, rijiyoyi su ƙafe da wuri. Ƙasar da manomin Talatar Mafara ke shan albarkarta daga nesa, da wuya a kira ta matacciya.

Haka batun namun daji. Annabi (S.A.W.) ya haramta sare itatuwan Madina da farautar dabbobinta, ya kuma keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar (R.A.) ya keɓe Rabaza. Wannan ba ya hana farauta a ko'ina, domin halal ce, amma yana nuna cewa kare wani wuri da abin da ke cikinsa yana da asali a Sunna. Gada da zabin daji ba sa zama inda aka cinna wa kurmi wuta don neman gafiya.

Mai ja zai ce Malikiyya sun taƙaita hima ga ɗan yanki kaɗan, don dawakin jihadi da makamantansu, kuma talaka na buƙatar gona. Hujja ce mai nauyi. Sai dai illar hukuncin ita ce maslahar jama'a, kuma ruwan sha bai gaza kiwon doki ba. Sharaɗin ƙaranci kuwa kariya ce ga talaka: a tsare gefen rafi da mafarin ruwa, kada a ƙwace gonaki da sunan hima a miƙa wa masu hali.

A shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mayar da dajin Kogo na Faskari gandun daji na ƙasa. Doka kaɗai ba ta isa kowace ƙorama. Malamin zaure da limamin Juma'a a Kafur ko Masari suna isa inda ma'aikacin gandun daji bai isa ba. Abin da ake nema daga gare su shi ne su karantar da babin cikakke, da hurumi da izini da hima, kafin ɗalibi ya ji batun sara. Allah Shi ne Mafi sani.