Kunnen da Ke Jin Ƙyauren Zuciya

A asibitocin Ƙaura Namoda, Shinkafi da Zurmi, zazzaɓi kan zo da sunansa tun daga gida: ko na cizon sauro, ko taifot. Shi ya sa nake jinjina wa likitan da zai ga saurayi ya yi makonni yana zazzaɓi, ya sha magungunan kemis a banza, sai ya ce, "Samari, naɗe hannun rigarka in gani."

Tabon allura yake nema, da jijiyoyin da suka ƙandare. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta masu tsira wa kansu ƙwaya a Najeriya sun kai 80,000, kuma allurar fenta na cikin waɗanda aka fi yi. Duk tsirar da aka yi da ƙazamin sirinji, ƙwayoyin cutar da ke kan fata na iya bin jini su isa ɓangaren dama na zuciya, su yi sheƙa a ƙyauren da ke hana jini komawa baya. Ƙyaure ya lalace, jini ya riƙa yoyo. Ɓarɓashin cutar kuma ya ɓalle ya faɗa huhu, a yi ta maganin tarin fuka alhali tushen yana zuciya.

Nan gwanintar take. Likita zai ɗora abin sauraro a gefen hagu na ƙashin ƙirji, can ƙasa, ya ce, "Ja numfashi a hankali." Jan numfashi na ƙara jinin da ke kwarara zuwa dama, don haka in wannan ƙyauren ne ke yoyo, hucin da ke bin bugun zuciya sai ya ƙara ƙarfi. Wani likitan Meziko, Rivero Carvallo, ya bayyana alamar a 1946. Sau da yawa hucin ba ya fitowa sosai, sai kunnen da ya daɗe yana saurare. Daga nan likitanmu ya duba jijiyar wuya ko tana harbawa, ya taɓa hanta.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsa. Yakan so a ɗebi jini a shuka kafin a fara magani, don a san ƙwayar cutar da ake faɗa da ita, ya tura mara lafiya Gusau ko Sakkwato a ɗauki hoton zuciya, duk da halin da hanyoyinmu ke ciki. Maganin ta jijiya ne, mako huɗu zuwa shida.

Tambayar allura kuwa a keɓe yake yin ta, ba gaban uba ba, ba da faɗa ba, domin wanda aka kunyata yakan gudu kafin magani ya ƙare.